Kwana Arba'in na Mai Jego: Tsakanin Tukunyar Wanka da Awon Jini

A tsofaffin unguwannin Kano, Zariya ko Katsina, ba sai an yi shela ake gane gidan da aka samu ƙaruwa ba. Za ka ga tulin itace a ƙofar gida, da rabin duro da ya yi baƙi ƙirin a kan murhu, da ganyen darbejiya da yara suka karyo tun jiya da yamma. Kafin kiran assalatu wata dattijuwa ta riga ta hura wuta. Wataƙila uwar mai jegon ce, ko gwaggonta, ko wata tsohuwa da unguwa ta san ta da wannan aiki, ana biyan ta da kuɗi da sabulu da turmin atamfa idan an yi arba'in.

Idan ruwa ya tafasa sai a juye shi a babban baho a kai bayan ɗaki. Mai jego ta zauna a kan 'yar kujera ko turmin da aka kifa. Dattijuwar ta ɗaure ganyen darbejiya ko na runhu ko na tsamiya ya zama dami ɗaya, ta tsoma a ruwan, ta ɗago yana tururi, ta riƙa fyaɗa mata a gadon baya, da kafaɗu, da ƙugu, da mara. In yarinyar ta zabura, sai ka ji an ce, “Zauna ke dai, haka aka yi wa uwarki.” Bayan nan a surka wani ruwan ta zauna a ciki. Ta fito jikinta na hayaƙi, kwanon kunun kanwa na jiran ta, an zuba masa yaji har sai ya sa gumi. Da la'asar a maimaita. Haka za a yi ta yi har kwana arba'in, a wasu gidajen ma a zarce, musamman in haihuwar fari ce.

Wannan shi ne wankan jego, kuma ba al'adar da ta kwanta dama ba ce. Wani bincike da Farfesa Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, a kan matan ƙauyen Danbare da ke gefen Kano, ya samu sama da takwas cikin kowace mace goma suna wankan ruwan zafi, suna zama a ɗaki mai ɗumi, suna shan kunun kanwa. An shekara hamsin ana ja-in-ja tsakanin likitoci da iyaye mata a kan wannan tukunya. Ni a ganina muhawarar ta daɗe tana kewaya gefen magana, domin abin da ya fi daraja a jegon Bahaushiya ba zafin ruwan ba ne. Mutanen da ke kewaye da ita ne.

Abokin gaba: sanyi

Duk tsarin jego a kan fahimta ɗaya aka gina shi: mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, kuma sanyi na neman hanyar shiga. In ya shiga, shi ne kumburi, shi ne ciwon gaɓoɓi, shi ne warin jiki, shi ne rashin lafiyar da za ta bi mace har tsufa. Maganin ɗanyen abu kuwa a gasa shi. Saboda haka ake wanka da tafasasshen ruwa, ake hana ta shan ruwan randa, ake rufe taga, a da ma har gadon ƙasa ake ginawa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi ta kwanta a kai. Kanwa kuma, a cewar tsofaffi, tana wanke ciki, tana fitar da sauran jini, tana kawo ruwan nono.

Amma a ajiye zancen zafi a gefe, a dubi sauran abin da ake yi wa macen nan. Idan cikin fari ne, tun yana wata bakwai ko takwas ake mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ko kuma ta tafi gida wanka bayan suna. Kwana arba'in ba ta daka, ba ta shara, ba ta ɗebo ruwa, ba ta girki. In tana da abokiyar zama, kwana ya koma hannun waccan. Jariri ma wata ce ke yi masa wanka, a shafe shi da mai, a naɗe shi, a miƙo mata ta ba shi mama kawai. Kafin suna maigida ya sayo ƙafar sa ko kai a yi ƙauri, a rarraba wa dangi da maƙwabta, a ajiye wa mai jego nata romon. Matan gida su haɗu a kan turmi a daka yajin jego: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, har unguwa ta ɗauki atishawa. Ga naman ragon suna, ga tsire ko balangu da miji ke shigowa da shi da daddare. Mace da a sauran kwanakin shekara ita ce ta ƙarshe wajen cin nama a gidan, yanzu ita ake fara zuba wa.

Sannan ba a barin ta ita kaɗai. 'Yan barka na shiga suna fita: “Barka da arziki.” “An sauka lafiya? Allah ya raya, ya ba da lafiyar shayarwa.” Akwai mai kwana da ita a ɗaki. Akwai mai lura da ko ta ci ko ba ta ci ba.

Abin sha'awa, lissafin tsofaffi da na asibiti sun zo kusan ɗaya. Likitoci suna ɗaukar mako shida, kwana 42, a matsayin lokacin da mahaifa ke komawa yadda take, kuma duk macen da ta rasu a cikin waɗannan kwanaki saboda abin da ya shafi ciki ko haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga ta cikin mace-macen haihuwa. (A fiƙihun Malikiyya da muke bi, iyakar jinin biki kwana sittin ne, arba'in ɗin da ake riƙe da ita a gida ta zaman jego ce.) Wato kakanninmu sun gane daidai lokacin da mace ke cikin haɗari, suka kafa mata tsaro a kai. Maganar ita ce, me masu tsaron suke kallo?

Abin da aka gani a Zariya

A ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da wani abu da ba su saba gani da yawa haka ba a ko'ina. Mata matasa, waɗanda ba a san su da ciwon zuciya ba, ana kawo su makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu sun kumbura, ciki ya tara ruwa, numfashi na fita da ƙyar, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi diddigin mata 224 masu wannan larura, suka wallafa sakamakon a 1978. Kusan dukkansu Hausawa ne da Fulani, alhali asibitin yana karɓar matan ƙabilu da yawa. An kuma ga cewa ciwon ya fi yawa a watannin da zafi ya haɗu da danshin damina. Ƙiyasin da aka yi a lokacin shi ne kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin.

Don a gane girman wannan adadi: a Amurka ana samun irin wannan raunin zuciya na haihuwa ne a haihuwa ɗaya cikin dubu ɗaya zuwa dubu huɗu. A Japan ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Haiti, wadda ake misali da ita wajen yawansa, ɗaya ce cikin kimanin 300.

Likitocin Zariya suka dubi abin da ya bambanta matan nan da sauran, idonsu ya faɗa kan kanwa da zafi. Hujjarsu mai ma'ana ce. Kanwar da ake haƙowa daga ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi cike take da sodiyom, sinadarin da ke cikin gishirin miya, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau. Mace mai sabuwar haihuwa kuma dama jikinta yana ƙoƙarin fitar da ruwan da ya tara a wata tara. Zafi shi ma yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara gudu. Ruwa ya yi yawa, aiki ya yi yawa, sai zuciya ta gaza. Wani likitan, John Sanderson, ya duba zukatan wasu daga cikin matan da na'urar hoton zuciya, ya ba da rahoto a 1979 cewa da yawansu tsokar zuciyarsu tana bugawa da ƙarfinta. Kaya ne kawai ya fi ƙarfinta. Daga nan labarin ya shiga littattafan koyar da likitanci na duniya, har ya zama in an ambaci Zariya a darasin ciwon zuciya, kanwa ce ke biyo baya.

Ciwon bai tsaya a Zariya ba. A Sakkwato, wani bincike da aka wallafa a 2007 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya samu ɗaya cikin haihuwa 102.

Sai Yamai da Kano suka ƙara wani abu

Da a ce kanwa ce kaɗai, da zance ya yi sauƙi. Amma tun 1992 wani likita mai suna Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka auna jinin matan da ke da wannan ciwo, suka tarar suna da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom, wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa don kare tsokar zuciya. Ana samun sa a kifi, ƙwai, nama da hanta, haka kuma a hatsi idan ƙasar da aka noma shi tana da shi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake gwada wannan a Kano. A rahotonsa na 2015, kimanin uku cikin huɗu na masu ciwon suna da matsanancin ƙarancin sinadarin, alhali a cikin masu jego lafiyayyu bai kai ɗaya cikin huɗu ba.

Daga baya Karaye ya jagoranci babban bincike na ƙasa baki ɗaya mai suna PEACE, wanda ya tattara bayanan mata 406 daga asibitoci a sassan Najeriya. Sakamakon da ya fito a 2020 ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce cibiyar ciwon, kuma a wani asibiti a Kano adadin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka kwatanta masu ciwon da lafiyayyu, wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin abin da ya raba su ba, domin lafiyayyun ma suna yi. Abubuwan da suka fito su ne rama, rashin karatun zamani, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, talauci da yunwa da cikin da ba a yi wa awo ba. A cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya kuwa, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin a cika shekara biyu.

Wasu sun ɗauki wannan sakamako a matsayin wanke kanwa daga zargi. Bai kai nan ba. Abin da binciken ya nuna shi ne kanwa ba ita ce tushen ciwon ba. Bai ce tana da amfani ga macen da jininta ya hau ko zuciyarta ta riga ta raunana ba. Duk likitan zuciya, abu na farko da zai hana irin wannan mace shi ne gishiri, kanwa kuwa 'yar uwar gishiri ce. Matsalar ita ce a gida babu mai sanin wace ce jininta ya hau, tunda ba a auna ba. Kwano ɗaya ake dama wa kowa.

Kuma a nan ne fahimtar sanyi ke yin ɓarna mafi girma. Mai jego ta ce ƙafarta ta kumbura: sanyi ne, a ƙara wuta. Ta ce tana haki in ta je banɗaki ta dawo: jiki ne bai gasu ba. Tana tari da daddare, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai: mura ce, ai an ce kar ta sha ruwan sanyi. Dattijuwar da ke kula da ita ta ga alamun sarai, ta riga kowa gani ma, amma ta fassara su da abin da ta gada, ta ba da maganin da ke ƙara wa zuciya kaya. Sai an kwashe mako biyu ko uku ana haka kafin a nemi mota.

Haka abin yake ga sauran masu kisa. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi a makon farko na iya zama share fagen jijjiga, wadda kan zo ko bayan an sauka lafiya. Zazzaɓi da ciwon mara da jini mai wari alamar ƙwayoyin cuta ne a mahaifa. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya ba “dattin ciki ne ke fita” ba. Mai jegon da ta daina barci, take kuka ba dalili, ko ta ƙi kallon jaririnta, ko ta fara surutai, galibi sai a ce iska ce ta shafe ta, a nufi wajen mai ruƙiyya kaɗai. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da larurar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa, bayan haihuwa, kuma yana da magani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri kafin a gane shi. Gwaggon da ta iya gane jariri na jin yunwa daga irin kukansa, za ta iya riƙe alamu biyar ko shida in an zauna an gaya mata da mutunci, ba da tsawa ba.

Game da ruwan kansa, abin da ma'aikatan lafiya da yawa ke faɗa yanzu mai sauƙi ne: a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. Yana sassauta jiki, yana tsafta, ba wanda ya hana. Tafasasshe kuwa yana sale fata, kuma ga wadda aka yi wa aiki ko ɗinki, yana iya lalata wurin. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki shi ma yana fitar da iska mai guba marar wari, ga jariri kwance a gefe.

Rabon jariri

A wajen jariri ma haka al'adar take, alheri da kuskure a ƙwarya ɗaya. Bahaushiya na shayarwa har kusan shekara biyu, tana goya ɗanta a baya, yana kwana a jikinta. Abubuwan da matan Turai ke biyan kuɗi a koya musu a aji ke nan. Amma a gidaje da yawa har yanzu ana matse dakashi a zubar, wai datti ne ko yana sa ciwon ciki, a ba jariri ruwan zuma ko madarar shanu kafin “nonon kirki” ya zo. A wasu ƙauyukan Sakkwato an ruwaito har gwada nonon mai haihuwar fari ake yi: a tatsa a ƙoƙo a saka tururuwa, in ta kasa fita a ce nonon na da ɗaci, a hana jariri sha sai an yi wa uwar magani. Dakashin nan mai kauri, rawaya-rawaya, shi ne ke ɗauke da garkuwar da uwa ke miƙa wa ɗanta, shi ya sa ake so a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa. Ga kuma kunyar ɗan fari: yarinya ba za ta ɗauki ɗanta ta shayar a gaban surukai ba sai an matsa mata, yana ta tsala kuka tana kawar da kai don kar a ce ba ta da kunya. Alkunya ado ce, amma ba a kan cikin jariri ɗan kwana biyu ba. Zuma kuwa, duk albarkarta, likitocin yara sun hana a ba wanda bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Babban abin da ya fi wuyar sauyawa shi ne ruwa. Ka ce wa kaka kar a ba jariri ruwa har wata shida, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, za ta dube ka kamar ka ce a bar shi ya mutu. “Ko baƙo ka yi, ai ruwa kake fara ba shi,” in ji ta. Amsar ita ce kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma tsaftatacce. Cikin jariri ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, in ruwan ba mai kyau ba ne kuma ga gudawa. Mai jin ƙishirwar da ya kamata a ɗura wa ruwa ita ce uwar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Cibiya ma ana gasa ta da tsumma mai zafi, wasu su shafa man goge baki ko toka. Yanzu akwai man kuloheksidin da ake bayarwa a asibitoci don wannan, mai araha. Cire belu da wanzami ke yi a makon farko ba ya hana komai, sai dai ya jawo zubar jini ko cuta. Kafur da ake jefawa cikin kayan jarirai don ƙamshi yana iya fasa jinin wasu yaran ya jawo shawara mai tsanani. Jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti yake buƙata a ranar, ba shanya a hantsi ba.

Abin da birni ya zubar, da abin da ya saya

Je ka sababbin unguwannin Kaduna, Abuja ko bayan garin Kano ka ga yadda jego ya koma. Ma'aurata su biyu a gidan haya, uwa tana wani gari, ko ita ma tana aiki. Gwaggo ta zo ta yi mako ɗaya, ana gama suna ta koma. Kwana na takwas mai jego ce a kicin, ita ce wanki, ita ce shirya yara makaranta. Ruwan zafin dai ba a fasa ba, an sa hita a bokiti. Wato an riƙe ɓangaren da ake taƙaddama a kansa, an saki wanda kowa ya yarda yana da amfani.

Gurbin da tsofaffi suka bari kuma 'yan kasuwa sun cike shi. A Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp ana tallar “kayan gyaran jego” kwali guda: tsumi, gumba, garin ɗaure ciki, haɗin matsi, dahuwar kaza ta musamman. Kalmar da ake sayar da su da ita ita ce “na gargajiya ne zalla, ba sinadari.” Wasu ba su wuce dabino da kwakwa da aya ba, ba laifi. Wasu kuwa ba mai iya gaya maka abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, kuma ana cusa su a jikin da bai gama warkewa ba. Lura kuma da inda akalar tallar ta karkata: jegon kaka don lafiyar mace ake yin sa, ko da an yi kuskure a hanya, na kwali kuwa kusan duk zancensa yadda za ta koma wa maigida “kamar amarya” ne. Mace na zubar da jini, ana yi mata lissafin kishiya.

Wadda ke son komawa ga abin da Allah ya hore a ƙasarmu, ba sai ta yi oda ba. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Abin da mai jego ke buƙata yana kasuwar unguwa: hanta, ƙwai, kifi, wake, zogale, rama, alayyahu, miyar kuka, gyaɗa, nono da fura, lemo da gwaiba. Kunun gyaɗa da na tsamiya suna ɗumama ciki, suna ƙosarwa, ba tare da an jefa ƙullin kanwa ba. Kuɗin itacen kwana arba'in, in aka raba shi biyu aka sayi ƙwai da rabi, ya fi amfani. Wannan lissafin maigida ne, shi da ke ganin ya sauke nauyi da zarar amalanken itace ya sauke kaya kuma rago ya faɗi.

Ga ma'aikata, doka ma tana da nata rabon. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun fiye da haka, Jihar Kaduna kuma ta mayar da nata wata shida a 2019, kamar yadda Legas ta riga ta yi. Amma mafi yawan matanmu ba su da ofishin da zai ba su hutu. Mai ƙosai, mai kitso, mai ɗinki, mai surfe, hutunsu yana hannun dangi ne kawai.

Akwai kuma tazara. A da mace ba ta komawa ɗakin miji sosai sai ta yaye, kuma wadda ta yi kwanika takan sha gori. Yanzu wannan shingen ya faɗi, ba a kuma maye shi da wani ba a gidaje da yawa. Shawarar masana ita ce a bar aƙalla shekara biyu kafin wani cikin. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in nono zalla ake bayarwa dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, jariri kuma bai wuce wata shida ba. Ga macen da ta taɓa yin raunin zuciyar nan, wani cikin kafin zuciyar ta warke yana iya zama ajalinta, kuma wannan magana ce da sai likita ya zaunar da mijin ya gaya masa baki da baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24 na farko, a kwana na uku, tsakanin kwana bakwai da sha huɗu, sai a mako na shida. A Arewa maso Yamma, inda binciken 2018 ya nuna ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ake yi a asibiti, yawancin mata ko na farkon ba sa samu, kuma al'adar kulle mai jego a ɗaki tana hana sauran. Amma ranakun ba baƙi ba ne a wurinmu: na uku ya zo daidai da ƙauri, na bakwai suna, mako shida kuma arba'in, lokacin da ake kai jariri allurar rigakafi kafin a fara yawon arba'in. A ranar nan uwa takan zauna a benci awa biyu da katin ɗanta a hannu, a auna nauyinsa, a ɗiga masa maganin shan inna, a yi masa allura a cinya, ta saɓa shi a baya ta fito. Na'urar awon jini tana kan teburin da ke ɗakin gaba, awon ba ya cin minti uku, kuma a yawancin wurare sai ta buɗe baki ta nema kafin a ɗaura mata.